Wace waya za a ba yaro: ƙarama, babba, ko ta ɗakin uwa?

Shekara 11 ke nan ina gyaran waya da sayar da ita a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Daga fitowar sakamakon BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, zuwa komawa lekol, wato makaranta, a watan Satumba, babu tambayar da nake sha kamar wannan: "Malam, wace waya ce ta dace da yaro?" Uban yana nufin mai araha wadda ba ta saurin fashewa. Yaron kuwa yana tsaye a bayansa kamar na Allah, amma idonsa ya riga ya zaɓi Tecno ko Infinix ɗin da yake so a cikin gilashi. Da can da maganar batir da ma'aji nake amsawa, in karɓi kuɗina. Yanzu sai in aiki yaron ya sayo mana ruwan sanyi, in jawo wa uban benci, in ce, "Alhaji, in wani abu ya dami yaron nan, wa yake tambaya?" Yawancinsu sai su yi dariya su ce, "Ni mana." In na ce yaushe rabon da ya tambaye ku wani abu wanda ba kuɗi ba, sai dariyar ta tsaya.

Hanya uku ce a gaban mai ɗa ɗan shekara 12 zuwa 16. Akwai ƙaramar waya mai madannai, ta kira da saƙo da tocila. Akwai babbar waya ta shafawa, tasa ta kansa, da lambar sirrinsa, yana kwana da ita. Sai wadda nake kira wayar gida: babbar waya guda ɗaya da ke zama a ɗakin uwa, a taɓa a ajiye. Ta farko da ta uku na gwada su a gidana. Ta biyun kullum ina ganin hanjinta a kan teburina.

Ana ta kuka cewa yaran yanzu sun bar iyaye sun koma tambayar waya. An faɗa a huɗubar Juma'a, an faɗa a majalisar shayi. Ni dai nakan tambayi kaina, mu yaushe muka taɓa tambayar iyayenmu? Ban taɓa zama gaban mahaifina, Allah ya jiƙansa, na tambaye shi abin da ya shafi jikina ko abin da ke cin raina ba. Ko haɗa ido ba ma yi. Lokacin da na balaga, kawuna ne, ƙanen innarmu, ya ce in raka shi bakin Binuwai wankin babur. Muna cikin wanki, ko kallona bai yi ba, ya koya mini wankan janaba daga niyya har wanke ƙafa, ya ɗora da magana biyu uku a kan 'yan mata, sannan ya ce in miƙo masa soso. 'Yan mata kuma suna da goggo, suna da kaka mai kiran jikarta kishiya, a cikin wasan nan ake cusa duk abin da uwa ba za ta iya furtawa ba. Iyaye nasu horo ne da ciyarwa da addu'a, tambaya kuwa tana da nata mutanen. To yau ina mutanen? Ɗaki biyu muke haya a Yelwa. Kakar yarana tana Marwa. Goggonsu aure ya kai ta Duwala. Kawunsu yana kan titin Ngaundare zuwa Kusuri da babbar mota, sai ya yi wata biyu bai kwana a Garwa ba. Tabarmar goggo da kawu ce aka bari ba kowa, waya ta zo ta zauna a kai. Da wannan tabarmar nake auna wayoyin nan uku.

Ga kuma wani abu da sai ɗan ƙasar nan zai gane shi sosai. Yaronmu Hausa yake yi a gida, Fulatanci a unguwa da kasuwa, Faransanci a aji. Kunya a cikin biyun farko take. Kalmar da yarinya ba za ta fitar daga bakinta da Hausa ba ko da wuƙa a wuya, da Faransanci ta rubuta ta a littafin kimiyya har malami ya ba ta maki. Ita kuma waya da Faransanci ta fi iya amsawa. Hausarta tana ɗingishi, Fulatancinta ya fi ɗingishi. Ke nan yaro ya sami mai amsa masa da harshen da ba a jin nauyi a cikinsa, ba tsawa, ba "wa ya koya maka wannan", ba kai ƙara. Ko ni ne ina ɗan shekara 13, da ita zan tambaya.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Ƙaramar itel ba ta kai jaka 10 ba, wato sefa dubu 10, a teburina, cajinta yana kwana uku huɗu, kuma duk wanda ya san bazarar Garwa, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ke ja baya wuta ta koma sai da rabo, ya san darajar wannan. Sabuwar Android mafi araha tana kusan jaka 50, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani tun 2023 yake jaka 60. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yaron da ke sa forfe, wato datar intanet, na sefa 500 duk bayan kwana biyu, jaka 7 da rabi ke nan a wata, jaka 90 a shekara, kusan ninkin kuɗin wayar. Ban sa canjin gilashi ba, wanda da shi nake ciyar da iyalina. In kuma ba kai kake ba da kuɗin forfen ba, wa ke bayarwa? Namiji zai tsakura daga kuɗin cefane, ko ya gwada sa'a a cacar ƙwallo. Mace kuwa akwai mai jiran ta ce meganta ya ƙare ya turo mata ta Orange Money ko MoMo, kuma ba sadaka yake yi ba. Wayar gida forfe ɗaya ce, daga aljihu ɗaya.

A karatu kam babbar waya ta yi wa ƙarama fintinkau, musu ba shi da amfani. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, aka koma darasi ta talabijin na CRTV, malamai suka buɗe guruf na WhatsApp, kuma har yau ba a rufe su ba. Ta nan ake turo tsofaffin takardun jarrabawa da gyaransu, ta nan ake sanar da canjin lokaci. Uban da allo ya yi, ko ya sauke ya haddace, ba zai warware wa ɗansa lissafin katriyem, aji uku na sakandare, da Faransanci ba, kuma ba kowa ke da kuɗin malamin repetisiyon mai ƙarin darasi a gida ba. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022, a watan Yuli na 2024 kuma Meta AI ya iso Kamaru a cikin WhatsApp ɗin kansa, ba sai yaro ya sauke komai ba. Ya kamata uba ya san yadda abin nan ke aiki ko da a taƙaice. Ba wani malami ba ne zaune a Amurka yana amsawa. Manhaja ce da aka ɗura wa rubutu mai yawan gaske har ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wace. Shi ya sa bayaninta ke fita sumul, shi ya sa kuma in ta yi kuskure da wannan sumul ɗin take yin sa, ba ta inda-inda irin ta mutumin da bai tabbata ba. Ga yaron da zai ce "sake mini bayani, ban gane ba" har sau biyar, alheri ce, don ba ta gajiya. Wanda kuwa ke ɗaukar hoton aikin gida ya kwafe amsa, ranar jarrabawa zai gane kurensa.

Sai dai makarantun sakandare ba su yarda ɗalibi ya shiga da waya ba, kamawa ake yi. Ko Faransa da muke kwaikwayo ta hana a firamare da kwaleji tun 2018. Saboda haka in yaro ya ce, "Baba, don karatu nake so," gaskiya ya faɗa, amma karatun da ke bukatar waya na bayan la'asar ne zuwa isha'i, kuma wayar gida tana ɗaukar wannan tsaf. Abin da wayarsa ta kansa za ta ƙara masa a kai shi ne daga ƙarfe 10 na dare zuwa asuba. Ba lissafi ake yi a wannan lokacin ba.

Addini ya fi ba ni tsoro, don a nan ne kuskure ke sa rawani. Yaron shagona, ɗan shekara 17, sun yi gardama da abokinsa a kan wata addu'a da ake yawo da ita, wai wanda ya karanta ta ƙafa kaza ba zai faɗi jarrabawa ba. Ya tambayi wata manhajar amsa tambaya, ta kawo masa hadisi da Larabcinsa, da sunan sahabi, da littafi, da lamba. Ya zo yana ɗaga kafaɗa. Bayan azahar muka nuna wa malamin masallacinmu na kasuwa. Malam ya sa tabarau, washegari ya zo da littafin a jakarsa, ya buɗe lambar a gabanmu. Hadisin da ke wurin a kan ciniki yake magana. Yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, amma fa har lamba ta bayar." Malam ya ce, "Ɗana, lambar ma ai rubutu ce."

Mu nan a kan Malikiyya muka tashi, daga Ahalari zuwa Risala, a gaban malamin da ya san gidanmu. Waya ba ta tambayar yaro mazhabar gidansu, abin da ya fi yawa a rubuce shi take kawowa. Gajerun bidiyoyin wa'azi sun ma fi wannan zafi, don manhajar tana ƙirga daƙiƙun da ka tsaya a kan abu ta ƙaro maka irinsa, kuma mai faɗa da kafirtawa ya fi tsayar da yatsa a kan mai natsuwa. Na san gidan da yaro ɗan shekara 15 ya daina bin ubansa salla. Ba na shiga rigimar ƙablu da sadlu, malamai sun ishe ta. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya yanke wa ubansa hukunci da wa'azin minti ɗaya, daga malamin da bai san shi ba kuma ba zai iya komawa ya ce masa "ban gane ba". A wannan fannin ƙaramar waya ta fi tsabta. Wayar gida tana biye, muddin an hana abin kunne, don abin da aka kunna a tsakar gida kowa ya ji shi, in ya karkace akwai mai cewa a'a.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na daina amsa tambayar iyaye da maganar batir.

'Yata ta fari, ba zan faɗi sunanta ba, ko a gida ba na faɗa, tana da shekara 13 a azumin 2025, wanda ya faɗo a watan Maris, tsakiyar zafi. Uwarta ta ba ni wayarta in rage mata kaya don ta cika. Ina zaune a tabarma bayan tarawi ina gogewa, sai na faɗa kan wasu tambayoyi da Faransanci, uwar kuwa ba ta rubuta Faransanci. Ɗaya tana cewa, in jini ya zo saura awa ɗaya a sha ruwa, azumin yana nan? Wata a kan ciwon mara. Wadda ta tsaya mini a maƙogwaro ita ce, yaya ake wanke ƙunzugu ya bushe ba tare da an shanya shi a waje ba. Na duba kwanan wata. Ta farkonsu tun Disamba aka yi ta. Wata uku yarinyar nan tana yayyaga tsohon zane tana shanyawa a ƙarƙashin katifa, a gida mai ɗaki biyu, uwarta na kwana taku huɗu daga inda take.

Tsakani da Allah amsoshin ba su da laifi. An ce mata azumin ya karye, ta rama bayan salla, kuma haka yake. An ce ta ɗora ruwan ɗumi a mara, in ciwon ya tsananta ta ga likita. Har an ce ta gaya wa wata babbar mace da ta yarda da ita. Da ladabi aka yi mata magana, fiye da yadda wasunmu za su yi. Abin da wayar ba ta iya ba shi ne ta tashi ta je butik ta sayo audugar mata, ko ta ɗaga katifa ta gani, ko ta ce wa uwar a ɗauke wa yarinyar nan ɗiban ruwa a kwanakin nan.

Da yara suka yi barci na nuna wa uwar, na fassara mata. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Na ce gobe ta zauna da ita. Ta ce, "Maigida, da wane bakin? 'Yar fari ce fa. Ni ma Dada da ta haife ni ba ta taɓa yi mini wannan maganar ba." Ban ga laifinta ba, don ni da a ce in yi, gara a ɗora mini azumin wata biyu a jere. Washegari ta kira ƙanwarta da ke aure a Lainde. Da la'asar sai ga ta a kan kalando, babur ɗin haya, da baƙar leda a hannu, ta ce yarinyar ta zo ta taya ta tsifar kai. Suka shige ɗaki suka saki labule. Ban san abin da aka ce ba. Na dai ji dariya.

A auna wannan da wayoyin uku. Da ƙarama kaɗai ke hannunta, da ƙawarta ta aji za ta tambaya, yarinya irinta, ko ta yi shiru, mu kuma ba za mu sani ba. Da tata ce ta kanta mai lambar sirri, da ta sami amsar nan dai, mu kuma har yau ba mu sani ba. Wayar gida ce kaɗai ta bar sawu. Amma kada in cika baki, sa'a ce ta fi yawa. Lokacin ba ta iya goge tarihin bincike ba. Yanzu ta iya.

Wannan shi ne babban raunin wayar gida: yaron da ya san ana dubawa zai goge, ko ya kai tambayarsa mai nauyi wayar aboki. In kuma uba ya mai da abin farauta, duk abin da ya gani sai bulala, to ya rufe ƙofa ɗayan da ta rage. Ni har yau yarinyar ba ta san na gani ba, kuma da gangan ne. Akwai sauran ƙananan matsaloli da ba a faɗa. Asirin uwa ma yana hannun yara, saƙon 'yan adashi, maganar dangi, lambar sirrin asusun kuɗi. Wannan lambar kada yaro ya san ta ko da shi ake aike. Ga faɗan ƙanne a kan wa zai riga. A gidan mata biyu kuwa kada ma a fara da waya ɗaya, kowane ɗaki da tasa, in ba haka ba wayar za ta zama kishiya ta uku. Kuma in uwar ba ta karanta boko, wayar tana ɗakinta ne kawai, ba a idonta take ba. Sai an sami wani babba mai leƙawa jefi-jefi.

Ƙaramar waya ita ce iyaye suka fi samun kwanciyar hankali da ita, kuma ita ce ta fi ruɗinsu. Tana hana yaro intanet a aljihunsa, ba ta hana shi tambaya. Yawancin ƙananan nan suna cin katin ma'aji, masu turi kuma suna cika kati da duk abin da aka nema a kan kuɗi kaɗan, ba sa tambayar shekara. Sannan ga wayar ɓoye. Ba sau ɗaya ba sau biyu ba yaro ya kawo mini tsohuwar Android mai fasasshen gilashi yana raɗa, "Malam, don Allah kada Baba ya ji." A wurin aboki take kwana, ko a wurin mai caji. Uban yana majalisa yana cewa ɗansa ko WhatsApp bai sani ba. Duk da haka ga ƙaramin yaro, ga wanda aka kai koyon sana'a ko karatun allo wani gari, babu kamarta, don aikinta ɗaya ne, ta haɗa shi da muryar gida, kuma ba ta jawo ɓarawo.

Babbar waya ta kansa kuwa ita ce mai faɗin ƙofa, alheri ya shigo, sharri ya shigo. TikTok da Facebook da Instagram duk sun ce sai mai shekara 13, amma yaron ne ke rubuta shekarar haihuwarsa da hannunsa. Ostireliya ta gaji ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da 16 shafukan zumunta, ta fara aiki a Disamba 2025. Mu ma muna da dokar kare yara a intanet tun Yuli 2023, sai dai doka ba ta shiga ɗakin kwana. Abin da nake gani a teburina ba sai na zayyana duka ba. 'Yan mata suna koyon haɗin man bilicin daga bakin wata da ba su san ko fuskar da take nunawa tata ce ba, alhali ma'aikatar lafiya ta haramta irin waɗannan mayukan masu haɗari tun Agustan 2022. Samari suna koyon yadda ake "cin" caca daga wanda ake biya don ya jawo su. Da wanda ke shiga akwatin yarinya da sallama da nasiha, bayan sati biyu ya nemi hoto. Duk waɗannan ma masu ba da shawara ne, kuma sun fi manhajar amsa tambaya haɗari nesa ba kusa ba, don ita ba ta neman komai a jikin yaron.

Akwai linzami. Family Link na Google kyauta ne: daga wayarka za ka iyakance awannin da yaro zai yi, ka sa tasa ta kulle da dare, kuma ba zai sauke manhaja ba sai ka yarda. TikTok ma yana da wurin haɗa asusun uba da na ɗa. Ina saka wa mutane a minti 20. Amma a san iyakarsa. Ba ya nuna maka abin da aka rubuta a cikin hira, lokaci kawai yake tsarewa. Kuma yara suna kawo mini a cire. Ni ba na cirewa sai uba na tsaye, sai dai ba ni kaɗai ba ne mai gyara a kasuwar nan.

In aka matsa mini in zaɓa, ga abin da nake gaya wa mai zama a bencina. Yaron da bai kai BEPC ba kuma yana kwana a gidanku, a haɗa masa biyu: ƙarama a aljihu don kira, wayar gida da yamma don karatu, a tsakar gida, ba abin kunne. Kuɗin biyun bai wuce na babbar waya ɗaya da gilashinta na farko ba. Wanda ya shiga lise, wato babbar sakandare, ko aka tura shi zama gidan dangi a Marwa ko Ngaundare, hana shi tasa ya zama wahalar banza, zai samu ta bayan gida. A saya masa, amma layin da katin shaidarka aka yi rajistarsa, forfe daga hannunka yake fita, caja kuma a ɗakin babba take kwana, wayar ta bi ta. Kuma kada a ce wannan dokar ta mata ce kaɗai. Mun iya tsare 'ya mace mu saki namiji, alhali rabin abin da ke faɗa wa 'yan matan daga wayar 'ya'yanmu maza yake fitowa. Wanda ya kai jami'a kuma ba a maganarsa, ya zama mutum.

Kowace aka zaɓa, akwai lamba ɗaya da nake so a fara sakawa kafin ta uba. A zaɓi mutum: kawu, ko goggo, ko inna ƙarama, ko yayan da ya yi hankali. Ba wanda ya fi kowa ilimi ko tsoron Allah a dangi ake nema ba. Wanda yaron ke sakin jiki da shi ake nema, mai riƙe magana, wanda ba zai kwashe ya kawo maka da ɗuminsa ba. A gaya masa a fili cewa an ba shi yaron nan. A sa wa yaron kiredin kiransa, kada a tambayi me suka ce. Nisa ya daina zama hujja, don wayar nan da ta zauna a tabarmar goggo ita ce kuma ke kai murya Duwala a daƙiƙa ɗaya. Wani abin da na ga yana aiki a gidana shi ne in tambayi wayar a gabansu. In gardama ta tashi a kan cin abinci, sai in ce, "Ɗauko ta mu ji me za ta ce." Mu karanta tare, wani lokaci in ce ta yi daidai, wani lokaci in ce wannan sai mun kai wa Malam. Ƙaramin, ɗan shekara 9, yanzu shi ke riga ni cewa, "Baba, a kai wa Malam."

Ita kuwa babbar, da dare nakan ji ta a bayan ɗaki da wayar uwarta tana tura wa innarta murya ƙasa-ƙasa, ta saurara, ta goge. Innar ba ta gaya mini komai. Sai dai duk wata ta kira ni ta ce, "Yaya, a turo jaka 3, kuma kada a tambaye ni na mene ne." In tura. Bana take rubuta BEPC, kuma ta riga ta aiko uwarta ta gaya mini kalar da take so, shuɗiya. Akwai wata shuɗiya da ta shigo cikin kayan watan jiya. Na cire ta daga gilashi na sa a durowa, ban rubuta mata kuɗi ba, ban kuma gaya wa kowa a gida ba.